Babi na Bakwai: Ruwan da Ya Fi Ƙarfin Bututu

A ƙasar da aka saba jan guga da igiya mai gaba 20 ko 30, ba a jin wanda ke ƙorafi don ruwa ya zo da ƙarfi. Tun daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, yabon da ake yi wa famfo ɗaya ne: "Kai, yana da ƙarfi!" Matar da ta girma tana sammakon rijiya, yau ta ga jarka ta cika kafin ta gama gyara ɗaurin kallabi, ba ta da abin cewa sai alhamdu lillahi, kuma ina taya ta wannan godiya. Sai dai ƙarfin da ke cika jarka nan da nan ba ya tafiya ko'ina idan an rufe famfo. Yana nan tsaye cikin bututu dare da rana, yana tura kowace mahaɗa da kowace roba da kowane wurin da aka shafa wa gam. In ya wuce abin da kayan za su iya ɗauka, maigida ne ke biya, sau da yawa ma bai san abin da yake biya ba.

Famfon cikin gida baƙon abu ne a karkararmu. A ƙaramar hukumar Gangara, wadda ke cikin gundumar Gazawa tun da aka cire Gazawa daga Agye a 2011, inda duk ruwan famfo ya isa ƙauye tsarin kusan iri ɗaya ne da na sauran jihar Maraɗi. A haƙa rijiyar burtsatse, a saka mata famfo mai aiki da hasken rana ko da injin gazuwal, a kafa shato, wato babban tankin nan da ke bisa dogayen ƙafafu, sannan a binne bututu zuwa famfunan unguwa. Daga baya masu hali su nemi a ja musu reshe zuwa gida, a sa musu mitar ruwa. Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 da tsarin da ya biyo bayanta sun ɗora hidimar ruwan karkara a wuyan ƙananan hukumomi, su kuma sukan damƙa tafiyar da ita ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya. A birane kamar Maraɗi da Tasawa lamarin daban ne: tun 2001 kayan aikin na hannun kamfanin SPEN, rabon ruwan kuma ya kasance a hannun kamfanin SEEN, har zuwa farkon 2024 da kamfanin NDE ya karɓa. Ko a birni ko a ƙauye dai, iyakar a wuri ɗaya take. Abin da ke gaban mita na masu ruwa ne, abin da ke bayanta na maigida ne, yoyonsa da gyaransa da kuɗinsa.

To daga ina ƙarfin yake zuwa? Daga tsayi. Mutane da yawa na zaton girman shato ne ke ba ruwa ƙarfi, har ka ji ana cewa na garin su wane ya fi namu ciki, shi ya sa ruwansu ke feshi. Girman ciki yawan ruwa kawai yake nunawa. Abin da ke tura ruwa cikin bututu shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da bakin famfonka, daga sama zuwa ƙasa. Duk mita 10 na wannan tazara na ba da kimanin bar 1. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya riga ya san wannan awo, domin da shi ake ba taya iska: tayar ƙaramar mota takan ɗauki bar 2 da 'yan kai. Ke nan shato mai tsayin mita 12 a gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa bar 1 da ɗan abu zai bayar, kuma wannan ba ya fasa bututun kirki.

Lissafin yana sauyawa ne idan aka haɗa garuruwa da yawa da shato ɗaya, tsarin da ya yawaita a 'yan shekarun nan. Injiniya zai nemi tudun da ya fi ko'ina tsayi ya kafa tankin, don ruwa ya iya kaiwa gari na can ƙarshe. Ƙasarmu kuwa jigawa ce da kwari. Gulbin Kaba ya ratsa ta ɓangaren Gazawa, Gulbin Maraɗi ya ratsa ta ɓangaren Tsibiri da Gidan Rumji, kuma mutane sun fi son zama kusa da fadama. A ce shaton mita 15 ne, an kafa shi a tudun da ya ɗara wani ƙauye na bakin kwari da mita 25. Gidan da ke wannan ƙauye yana ƙarƙashin mita 40 na ruwa, wato bar 4, alhali gidan da ke gindin shaton bar 1.5 kawai yake samu. Ruwa ɗaya, kuɗi ɗaya, amma nauyin da ke kan bututunsu ba ɗaya ba. Kuma wannan bar 4 ba da rana ake ganinsa cikakke ba. Da safe, lokacin da kowa ke ɗiba, ruwan na gudu, gogarsa da cikin bututu na cinye wani kaso na ƙarfin. Sai dare ya raba, an rufe famfuna, ruwa ya tsaya cak, sannan nauyin duka ke sauka kan gidajen kwari. Shi ya sa ɓarnar ta fi faruwa mutane na barci, a wayi gari a tarar da tsakar gida ta zama tafki.

Nawa ne ya yi yawa? A Amurka ƙa'idar aikin famfo ta ce idan ƙarfin da ke shiga gida ya wuce kimanin bar 5.5, tilas a sa na'urar rage shi. A Faransa, inda muka gaji yawancin tsarin aikinmu, irin wannan na'ura takan fito daga masana'anta an saita ta a bar 3, kuma masu sana'a sun ɗauki wannan a matsayin abin da ya dace da gida. Amma waɗannan alƙaluma an yanke su ne don gidajen da aka yi wa aiki da kaya masu inganci, aka binne bututu yadda ya kamata, a ƙasashen da ba su san zafin watan Afrilu na Maraɗi ba. A ganina, a nan wurinmu tambayar da ta fi amfani ita ce: wane ƙarfi bututun gidan nan zai iya ɗauka yau, bayan rana ta gasa shi shekara uku?

Bututun roba na ruwa yana zuwa da rubutu a jikinsa, PN6 ko PN10 ko PN16, kuma lambar ita ce yawan bar da zai jure. Abin da mai shago ba ya faɗa, wataƙila shi ma bai sani ba, shi ne an yi wannan awo ne da ruwa mai sanyin digiri 20. Idan zafi ya kai digiri 40, juriyar bututun PVC takan ragu da wajen kashi 30 cikin 100. Ga shi a bazara inuwa kanta tana wuce digiri 40, balle yashin da rana ta doka. Duk wanda ya buɗe famfo da azahar ya janye hannu don zafin ruwan ya san halin da bututun ke ciki. Ƙari a kan haka, hasken rana na busar da PVC, ya koɗe, ya yi fari-fari, ya koma yana karyewa maimakon lanƙwasa. Mafi muni kuma shi ne siririn bututun da aka yi don zura wayar lantarki ko don fitar da ruwan wanka, wanda ba a yi shi don ɗaukar matsi ba ko kaɗan, amma ake saye saboda araha a ja ruwa da shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A irin wannan gida bar 3 ma ya yi yawa.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne, sabo ne ya sa ba a kula da su. A tsaya a dubi famfon tsakar gida da asuba. An ɗan murɗa shi kaɗan, ruwan ya fito fari fat kamar an zuba masa omo, ya doki ƙasan bokiti ya fantsamo har zanen mai ɗiba. Tiyon da aka cusa a bakinsa ya fizge, sai an ɗaure shi da tsinken robar taya. Bututun ƙarfen da famfon ke kai yana rawa, in ka dafa shi za ka ji yana kaɗawa a tafin hannu, wani lokaci har da fito siriri. Simintin da ke ƙarƙashinsa ya zaizaye ya yi rami. Kofin silba ba ya cika, don ruwan da ya shiga fitowa yake. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai, amma idan suka taru a famfo ɗaya, kuma suka fi tsanani da asuba fiye da hantsi, to akwai magana.

Alamar da ta fi kowace gaskiya ita ce yawan zuwan mai gyara. Kan famfo mai kyau yana shekaru. In gida na sauya shi duk bayan 'yan watanni, yau robar ciki ta cinye, gobe mahaɗa ta tsage, jibi ƙwallon da ke rufe ruwan tankin bayi ya ƙi rufewa ruwa na kwarara cikin dare, sai ka ji maigida na cewa, "Malam, kayan yanzu ba su da albarka." Mai gyaran da ya san aikinsa kan amsa, "Ranka ya daɗe, kayan ba su da kyau, gaskiya ne. Amma iri ɗaya na sa wa maƙwabcinka na kan tudu, har yau bai kira ni ba." Wannan amsa ta ƙunshi duk binciken da ake bukata. Idan kaya iri ɗaya na daɗewa a wani gida suna mutuwa a wani, a dubi abin da ke tura su.

Akwai kuma bugu. An rufe famfo da sauri, sai a ji ƙwal a cikin bango ko a ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci sau biyu ko uku a jere. Ruwa ba ya matsuwa. Idan yana gudu aka tare masa hanya farat ɗaya, duk nauyinsa sai ya doki abin da ya tare shi, bugun ya koma baya cikin bututu ya sake dawowa. Wani masani ɗan Rasha, Nikolai Zhukovsky, shi ya auna wannan abu a bututun ruwan birnin Mosko, ya fitar da lissafinsa a 1898, kuma har yau da shi injiniyoyi ke aiki. Bisa wannan lissafi, ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa, in aka tsayar da shi nan take cikin bututun ƙarfe, ƙarfinsa kan yi tsalle da wajen bar 12. A bututun PVC, da yake yana ɗan buɗawa, tsallen kan tsaya wajen bar 4. A ɗora wannan a kan bar 4 na gidan kwari, a tuna bututun PN6 ne da zafi ya riga ya rage masa juriya, za a ga dalilin da ya sa mahaɗa ke ɓallewa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Tsohon kan famfo mai murɗawa sau da yawa yana rufe ruwa a hankali, ko mai shi ya so ko bai so ba. Na yanzu mai hannu, wanda ake juyawa sau ɗaya ya rufe, shi ya cika kasuwa, kuma yara na son buga shi. Kowane bugu yana rage wa bututun kwana.

Ɗauke ruwa da dawo da shi ma na da nasa bugun, kuma a ƙauyukanmu shi ya fi yawa. Hadari ya rufe rana, ko gazuwal ya ƙare, ko injin ya lalace, shato ya bushe, bututu ya cika da iska. Ranar da ruwa ya dawo, sai ya turo iskar gabansa. Famfo ya yi ta tari, yana tofar da ruwa ja-ja, yana fizga. Iskar na fita da gudun da ruwa ba zai iya ba, ruwan da ke bin ta a baya ya zo a guje ya doki bakin famfon. Mita ma tana juyawa da wannan iska, ta rubuta ta a matsayin ruwa. Maganin ba ya cin ko dala. In ruwa ya ɗauke, a rufe babban makullin da ke bayan mita. In ya dawo, a buɗe famfo ɗaya na tsakar gida, sannan a buɗe makullin sannu-sannu har tarin ya wuce. A ɓangaren masu ruwa kuwa, akwai bawul na fitar da iska da ake sawa a wuraren da bututu ya hau tudu, kuma idan yashi ya toshe shi, gari duka ne ke jin bugun.

Wasu gidajen su ke jawo wa kansu. Mai hali ya ga ruwa ba ya hawa bene ko ba ya feshi a wurin wanka, sai ya sayo injin tura ruwa, kuma da yake an ce babba ya fi, ya sayo wanda ya fi bukatarsa. Wani kuma ya haƙa tasa rijiyar burtsatse, ya haɗa famfon da aka yi don ɗago ruwa daga zurfin mita 80 ko 100 kai tsaye da bututun gida. Irin wannan famfo, in aka rufe masa duk hanyoyin fita yana aiki, sai ya zuba ragowar ƙarfinsa kan bututu. Wurinsa tanki: ya zuba ruwa a sama, tankin ya raba wa gida.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce wadda ba a gani. Yoyo yana ƙaruwa da ƙarfin ruwa. Idan matsi ya ninka sau 4, ruwan da ke fita ta huda ɗaya yakan ninka sau 2, a bututun roba ma fiye da haka, don tsagar tana ƙara buɗewa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a yini da kwana, ya fi jarka guda mai lita 25. Wannan na fili ke nan. Na ƙarƙashin ƙasa kuwa, yashinmu shanye shi yake yi, ba ya barin ko taɓo a sama. Sai dai a ga ciyawa kore shar a wuri ɗaya tsakiyar rani, ko gara ta yi gida a gindin katanga, ko gindin bango ya yi duhu ya fara fitar da farin gishiri. A gidan siminti wannan kuɗin fenti ne. A ginin ƙasa kuwa gindin bango ne ke narkewa a hankali, rani guda yana shan ruwa, damina ta zo ta same shi ba ƙarfi. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan sallar isha a rufe duk famfunan gida, a haska mita da fitilar waya, a rubuta lambobin duka har da jajayen. Kafin kowa ya yi alwalar asuba a sake dubawa. In lamba ta motsa, ruwa na fita ta wani wuri.

Hudar da ƙarfi ya yi kuma ba fita kawai take bari ba. Ranar da ruwa ya ɗauke, bututu ya zama fanko, yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi. Idan an bi da shi ta kusa da salga ko kwatar wanka, kamar yadda ake yi a gidaje masu ƙarancin fili, abin da zai zuƙo ke nan, ya kawo shi randar sha idan ruwa ya dawo. Jihar da ta ga annobar kwalara a yankin Madarumfa a 2018 bai kamata ta ɗauki tsagaggen bututu a matsayin maganar kuɗi kaɗai ba.

Duk waɗannan alamu ne. Tabbaci sai da geji, ɗan ƙaramin agogo mai allura da ake ɗaurawa a bakin famfo, ana samunsa a shagunan kayan famfo na birni, kuma ya kamata a ce kowane mai gyara na da shi a jakarsa kamar yadda yake da sifana. A ɗaura, a rufe sauran famfuna, a buɗe wannan, a karanta. Awo ɗaya da hantsi ba ya faɗin komai. A auna da hantsi, a auna da yamma lokacin da hasken rana ya gama cika shato, a auna cikin dare. Lamba mafi girma ita ce nauyin da bututun ke ɗauka. In ta tsaya tsakanin bar 2 da 3, lafiya lau. In tana haura 4, a fara shiri. In ta kai 5, kada a jira.

A nan ne mutane ke yin wani kuskure da ya kamata a tsaya a kansa. Sai a ce a rage makullin bayan mita, a bar shi rabi. Ruwan zai fito a hankali, fantsama ta ragu, kowa ya ɗauka an magance. Amma makulli rabi gudu kawai yake ragewa. Da zarar an rufe famfunan gida, ruwa zai ci gaba da silalowa ta wannan 'yar kafa har ƙarfin ciki ya yi daidai da na waje. Cikin dare, lokacin da ake tsoro, bututun na ɗauke da nauyinsa cif. Abin da ke rage ƙarfin ruwan da ke tsaye shi ne na'urar rage matsi, 'yar ƙaramar aba ta tagulla mai sifirin a ciki, da ake sawa dab da bayan mita a saita ta a bar 3 ko ƙasa da haka. Tana bukatar matata a gabanta, domin ruwan burtsatse na zuwa da yashi, ƙwayar yashi ɗaya kuma ta isa ta hana ta rufewa. Wanda bai samu wannan ba, tanki a bisa ɗan gini mai mita 4 ko 5 zai yi masa aikin: ruwan gari ya zuba a ciki, gida ya sha daga tankin, sai gajeren bututun da ke tsakanin mita da tanki kaɗai za a yi da PN10 ko PN16, a binne shi da zurfi yadda rana ba za ta same shi ba.

Idan gida ɗaya ne ke fama, wannan ya isa. Idan layi ne guda ko ƙauye guda, to maganar ta wuce maigida. Ruwan da ke tsiyaya a yashin gidajen kwari daga shato ɗaya yake fitowa da na mutanen kan tudu, waɗanda su ne farkon rasawa in tanki ya yi ƙasa. Matar da ke can sama tana zaman jiran famfo da jarkoki a jere ba ta san rabonta na zuba a ƙarƙashin katangar wani ba, shi ma mai katangar bai sani ba. Na'ura ɗaya babba a bakin reshen da ya gangara kwari ta fi ƙanana 30 a gidaje 30 sauƙi da amfani, don tana kare har bututun titi. Sa ta aikin mai tafiyar da ruwan ne da ƙaramar hukuma, kuma a tsarin ruwan karkara akwai kason da ake warewa daga kuɗin da jama'a ke biya don gyara da sabunta kaya. Ƙungiyar masu amfani da ruwa ta gari ita ce ƙofar shigar da wannan buƙata. Wanda zai je gabanta ya tafi da takarda: ranar da aka auna, ƙarfe nawa, gidan wa, bar nawa geji ya nuna, daga gidaje uku ko huɗu na kwari da ɗaya na tudu, tare da tsagaggun mahaɗan da aka cire a cikin leda, don a ajiye su gaban shugaban ƙaramar hukuma ya gani da idonsa.